Abin da aka rubuta a kanka, na wane ne?



Yau tambaya ɗaya za mu duba tare. In mutum ya ba ka kyautar buhun hatsi, hatsin ya zama naka. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka kai kasuwa. In kuwa ajiya ya ba ka, magana ta sake. Buhu yana ɗakinka, amma mai shi yana nan. Ba ka ɗiban ko tiya ɗaya sai da izininsa. To, in ka ba wani sunanka, da shekarunka, da yawan iyalinka, da hotonka, da zanen yatsanka, ya rubuta ya tafi da su, kyauta ka ba shi ko ajiya?

Kada wani ya ce wannan zancen ƴan birni ne. Kowa ya ƙidaya sau nawa aka rubuta shi. Ba a sayar maka da layin waya sai ka nuna katin shaida. A shekarar 2013 an rufe wajen kashi ɗaya cikin uku na layukan waya a Nijar, don ba a rubuta sunayen masu su ba. A shekarun 2019 da 2020 ma'aikatan hukumar zaɓe sun zagaya garuruwa da na'ura, sun ɗauki hoto da zanen yatsu na mutum fiye da miliyan 7. Masu rabon tallafi suna tambayar awaki nawa gare ka, sau nawa kuke ɗora tukunya a rana. A gidan likita ana rubuta cutar da ta kawo ka. Wurin karɓar kuɗin da ɗanka ya aiko daga ci-rani, ana rubuta sunanka da lambar wayarka. Duk waɗannan su ne ake kira bayanan mutum. Mu a nan Kurni muna ba da su kamar yadda mutumin Yamai yake ba da nasa.

Tsoron da kakanninmu suka yi

Ku tambayi tsofaffi labarin ƙidaya a zamanin Nasara. In mai littafi ya sauka gari, ba murna ake yi ba. Wanda aka rubuta, shi zai biya haraji, wato lanho. Daga cikin littafin nan ake zaɓen samarin da za a kai aikin dole ko aikin soja. Shi ya sa wasu suka riƙa ɓoye ƴaƴansu ranar ƙidaya, wasu suka kwashi iyali suka ƙetara ƙasar Daura. Sai a shekarar 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa take mulka.

Kakanninmu ba su iya karatun boko ba, amma sun gane abu ɗaya: wanda ya riƙe sunanka a rubuce ya sami wani iko a kanka.

To ko sai mu ma mu ɓuya? A'a. Yau rashin rubutu shi ma cuta ne. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yana shan wahala ranar jarrabawa. Wanda ba shi da kati ba ya zaɓe. Garin da ba a ƙidaya ba, ana mancewa da shi ranar rabon rijiya, da makaranta, da allurar rigakafi. Tun samun ƴancin kai an yi babbar ƙidaya a 1977, da 1988, da 2001, da 2012, kuma da ita hukuma take sanin yawan bakin da ke cikin ƙasa. Rubutu ya zama dole. Abin da ya rage shi ne mu san haƙƙin da ke kan mai rubutawa.

Littafin da gara ba ta ci

Littafin dā guda ɗaya ne. Yana cikin akwati a ofis, a Matamai ko a Damagaram. Mai son ya duba shi sai ya yi tattaki. In an daɗe, gara ta ci shi, a mance.

Na yanzu ba haka yake ba. Abin da aka sa cikin kwamfuta ana iya kwafe shi sau dubu kafin ka sha ruwa. Ana iya aika shi wata ƙasa ta intanet ba tare da kowa ya motsa daga kujerarsa ba. Ba ya tsufa, ba ya mantuwa. Kuma ana iya haɗa na nan da na can. Mai waya ya san inda kake kwana. Mai aika kuɗi ya san abin da ke shigo maka. Likita ya san ciwonka. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne. In aka haɗa su wuri guda, baƙon da bai taɓa ganinka ba ya fi maƙwabcinka saninka.

Ga abin da ya faru a maƙwabta. A Nijeriya ana ba ƴan ƙasa lambar shaida da ake kira NIN, kuma daga ƙarshen shekarar 2020 aka tilasta haɗa ta da layin waya. A shekarar 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai wurare a intanet da ke sayar da bayanan mutane a kan naira 100 kacal. Don ta tabbatar wa jama'a, sai ta sayi takardar shaidar wani minista. In na minista bai tsira ba, ina ga na ɗan ci-rani?

Akwai kuma kamfanonin ba da bashi ta waya. Kafin su ba ka, sai ka yarda su ga duk lambobin da ke cikin wayarka. Ranar da ka makara wajen biya, sai su aika wa surukinka, da abokinka, da mai gidanka saƙo cewa wane maci bashi ne. A shekarar 2021 hukumar Nijeriya ta ci tarar ɗaya daga cikinsu, Soko Lending, naira miliyan 10 saboda irin wannan aiki. Tara ta hukuma ce. Wa zai biya mutum kunyar da ya sha gaban surukinsa?

Abin da doka ta ce

Ƙasarmu tana da doka a kan wannan. An yi ta farko ranar 3 ga watan Mayu 2017, lambarta 2017-28. Ita ta kafa babbar hukumar kare bayanan mutane, wadda ake kira HAPDP a taƙaice, ta kuma fara aiki a Yamai a shekarar 2020. Ranar 16 ga watan Disamba 2022 aka yi sabuwar doka mai lamba 2022-59, ta maye gurbin ta farko. Nijar tana kuma cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo, wadda ƙasashen Afirka suka ƙulla a 2014, ta fara aiki a 2023.

Ga gundarin abin da dokar ta tanada, cikin sauƙin magana. Mai karɓar bayananka ya faɗa maka ko shi wane ne, da abin da zai yi da su. Ya nemi yardarka, sai fa inda doka ta wajabta, kamar ƙidaya. Kada ya yi wani aiki da su ban da wanda ya faɗa. Kada ya tambayi abin da ya wuce bukata. Ya tsare su kada su faɗa hannun wani. Kana da ikon ka ce a nuna maka abin da aka rubuta a kanka, in da kuskure a gyara. Maganar lafiyarka, da addininka, da ƙabilarka, da ra'ayinka na siyasa, an ƙara musu tsaro a kan sauran.

Ku duba da kyau, za ku ga wannan hukuncin ajiya ne. Doka ta amsa tambayarmu. Ta ce amana ka bayar, mai rubutu kuwa mai ajiya ne. Addini ma haka ya koya mana tun muna makarantar allo. Suratul Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane. Suratul Nur ta hana shiga gidan wani ba izini.

Inda doka take tuntuɓe

Doka mai kyau ce. Amma daga Yamai zuwa Kurni akwai ramuka huɗu a hanya.

Na farko, yarda ba sani. Doka ta ce a nemi yardarka. Yaya ake nemanta a ƙauye? A miƙo takarda da Faransanci, a buɗe tawada, a ce dangwala nan. Fiye da rabin manyan ƙasar nan ba su iya karatu ba. Wanda ya iya karatun Hausa ma, takardar ba da Hausa take ba. In aka ɗaura wa mutum ciniki cikin harshen da ba ya ji, dattawan kasuwa ba za su ce an yi ciniki ba. Yatsa ya taɓa takarda, amma zuciya ba ta san abin da aka ƙulla ba. A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, wuri na farko da ya kamata mu ga amfanin haka shi ne takardar da ake sa mu dangwala wa yatsa.

Na biyu, yardar mai jin yunwa. Tun daga shekarar 2011 aka fara shirin ba gidaje marasa ƙarfi jaka goma kowane wata a jihohi biyar, har da tamu ta Damagaram. Shiri ne mai amfani, kuma ba a iya zaɓen mabukata sai an yi tambaya. Amma ku tuna da matar da rumbunta ya ƙare tun kafin damina ta faɗi. In aka ce sai ta faɗi kaza da kaza, sai an ɗauki hotonta, za ta iya cewa a'a? Ba za ta iya ba. Saboda haka nauyin ya koma kan mai tambaya. Tun da ya san ba za a ƙi shi ba, shi ne zai kame kansa, ya tambayi abin da aikin yake bukata kawai, kada ya liƙa talaucin mutane inda kowa zai gani.

Na uku, iyaka. Dokar Nijar tana tsayawa a Ɗan Barto, bayanai kuwa ba su san jandarma ba. Da yawanmu muna da layi biyu, na nan da na Nijeriya. Saƙon murya da muke aikawa ta WhatsApp, da hoton da yara suke sawa a Facebook, duk na kamfani ɗaya ne mai suna Meta, wanda ke Amurka. A shekarar 2024 wata hukumar Nijeriya ta ci wannan kamfani tarar dalar Amurka miliyan 220. Cikin laifin da ta ɗora masa har da aiki da bayanan ƴan ƙasar ba da yardarsu ba. Nijeriya mai mutum fiye da miliyan 200 sai da ta yi shekaru tana bincike, sannan aka tafi kotu. Manomi ɗaya, ina zai kai ƙara? Wannan aikin gwamnatoci ne, kuma sai sun haɗa kai.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Hukuma ce mai gadin bayanai, kuma ita ce ta fi kowa tara su. A shekarar 2020 majalisar dokoki ta amince da wata doka da ta ba da damar sauraron wayar mutane saboda tsaron ƙasa. Dokar ta sa izinin a hannun shugaban ƙasa, ba a hannun alƙali ba, kuma ƴan adawa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi suka a kan haka. Babu mai musun cewa ƙasa tana fama da ƴan ta'adda da ɓarayin daji, kuma da waya suke ƙulla ta'asarsu. Dole hukuma ta bi sawunsu. Amma ko mai gadin rumbun tsimi, ana sa kwamiti ya riƙa ƙidaya buhunan. Ba a ce shi ɓarawo ne ba. An dai san mutum tara yake bai cika goma ba, kuma mai riƙe da mabuɗi yau ba shi ne zai riƙe gobe ba. A ƙasar Kenya, a shekarar 2021, babbar kotu ta ce gwamnati ta saɓa doka da ta fara raba sabon katin shaida ba tare da ta auna haɗarin da ke cikinsa ga bayanan mutane ba. Wannan ya nuna mana doka tana iya hawa kan wanda ya yi ta.

"Mai gaskiya ba ya tsoro"

Wani zai ce: ni ban yi sata ba, ban yi kisa ba, a rubuta duk abin da ake so. Wannan magana tana da daɗin ji, amma mu auna ta.

Me ya sa muke yi wa gida danga? Me ya sa ake tsayawa a zaure a yi sallama? Don mutanen gidan masu laifi ne? Matar da ta sami ciki tana ɓoyewa wata uku ko huɗu, ba laifi ta yi ba. Mai bashi, mai ciwon da ake jin kunyarsa, wanda aurensa yake rawa, duk suna roƙon Allah rufin asiri. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kuma abin da ba laifi ba ne yau, gobe wani yana iya mayar da shi laifi. A ƙasar Ruwanda an daɗe ana rubuta ƙabilar mutum a kan katin shaidarsa. A shekarar 1994, da kisa ya tashi, masu kisa suka riƙa tare hanya suna duba kati. Kalma ɗaya a kan takarda ita ta raba mai rai da matacce. Magatakardan da ya rubuta kalmar shekaru kafin nan, wataƙila bai nufi kowa da sharri ba.

Ga wani misali na gida. A watan Maris na 2022 wani gidan talabijin na Senegal ya nuna ƴan Nijar, galibi mata da yara, suna bara a titunan Dakar. Hotunan suka bazu cikin wayoyi. Gwamnati ta aika jirgi, aka kwaso mutum fiye da dubu, da yawansu daga yankin Kance da Magarya. Labarin gaskiya ne, kuma ya sa hukuma ta motsa. Amma akwai yaron da aka nuna fuskarsa. Ba shi ya kai kansa Dakar ba, ba a kuma tambaye shi ba. Zai girma, zai nemi aure, hoton kuwa yana nan. Ana iya faɗin gaskiyar abin da ya faru a rufe fuskar yaro. Duk wanda ya tura hoton gaba daga wayarsa, shi ma ya sa hannu.

Nauyin da ya hau kan mai karatu

Yanzu maganar ta zo kanku, ku da kuka koyi karatu a cibiya. A dā ku ake rubutawa. Yau kun shiga sahun masu rubutu. Tsohuwa za ta kawo maka waya ka karanta mata saƙon ɗanta. Maƙwabci zai faɗa maka lambarsa ta asiri ka ciro masa kuɗi. Kwamitin gari zai sa ki rubuta sunayen matan da suka ci bashin asusu. Mai gari zai ce ka jera gidajen da abinci ya ƙare musu.

Daga ranar nan kai ma mai ajiya ne. Babu ma'aikacin da zai taso daga Yamai ya duba ko ka faɗa wa ƴan majalisar dare nawa aka aiko wa wance. Tsakaninka da Allah ne. Suratul Baƙara, inda ta yi maganar rubuta bashi, ta ɗora wa marubuci adalci, ta kuma ce wanda haƙƙin yake kansa shi ne zai faɗi abin da za a rubuta. Alƙalami yana hannunka, amma maganar ta mai ita ce.

Saboda haka, in ka karanta wa mutum saƙo, ka bar shi inda ka karanta shi. In an faɗa maka lambar asiri, ka koya wa mai ita yadda zai danna da kansa. Kada ka ɗauki hoton katin wani ka bar shi cikin wayarka. Kada ka ba wani katinka ya yanki layi da sunanka, don in aka yi ɓarna da layin, kai za a nema. In wani ya kira ya ce ka ci kyauta, ka faɗo lambar da aka aiko maka, kashe wayarka.

In kuma baƙi sun zo da littafi ko da na'ura, ku tarbe su da mutunci, a ba su ruwa da tabarma. Sannan mai karatu ya tashi ya yi tambaya a madadin jama'a: Wa ya aiko ku? Me za a yi da abin da kuka rubuta? Wa zai gan shi? Har yaushe za a ajiye shi? In an yi kuskure, ina za mu je a gyara? Ya roƙi a fassara takardar da Hausa gaban kowa kafin a buɗe tawada. Wannan ba rashin kunya ba ne, doka ce ta ba ku. Ma'aikaci na gari zai ji daɗin amsawa. Matambayi ba ya ɓata.

Doka tana cikin littafi a Yamai. Ba za ta iso Kurni ba sai ta bakin wanda ya iya karatu, ya iya tambaya, ya kuma iya riƙe abin da ya gani. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon riƙon amana.

Abin tattaunawa a cibiya

1. Wurare nawa ne aka rubuta sunanka cikin shekarar nan? A cikinsu, ina ne aka faɗa maka dalili?

2. In mai gari yana son sunayen mabukata don rabon abinci, yaya za a yi a taimake su ba tare da an tona musu asiri ba?

3. In ka karanta wa wani saƙo, sai ka ga akwai cuta ga wani mutum a ciki, me ya kamata ka yi?